Shirwa da Karara a Gonar Maiturare

A Turawa babu wanda ya taɓa ganin Maiturare yana sayar da turare. Mahaifinsa ne ya yi sana'ar, shi kuwa sunan kawai ya gada, tare da wata gona mai faɗi da ta gangara har bakin fadama. Gajere ne, kakkaura, mai kaifin baki. In ka gaishe shi da kyau ya tambaye ka me kake nema, in ka wuce ba ka gaishe shi ba ya kira ka ya tambaye ka ko makanta ce ta same ka. Duk da haka ba a taɓa jin ya cuci kowa ba. Matarsa Barira takan ce harshen ne kawai mai ƙaya, cikin kuwa fari ne tas.

Aboki ɗaya gare shi a duniya, wani Bafillace dogo siriri mai suna Hamma, wanda rugarsu take wajen Kurugu. Kowace shekara, da an girbe dawa an kwashe, Hamma zai koro fararen shanunsa ya sauka a gonar Maiturare. Shanun su ci kara da harawar da ta zube, su bar wa gona taki. Sai ciyawa ta ƙare ƙaf sannan ya tashi ya yi kudu, ba a sake ganinsa sai wata kakar.

Haɗuwarsu ta farko suna samari ne, Maiturare bai daɗe da aure ba. Wata karsana ta ɓalle wa Hamma ta shige duhuwar da ke bakin fadama, ya bi ta da gudu. Bai san karara ta naɗe itatuwan wurin ba, irin tsiron nan mai hawa itace wanda 'ya'yansa ke lulluɓe da gashi, in ya taɓa fatar mutum sai ya yi susa kamar zai yage kansa. Hamma ya fito yana tsalle, ya yar da sanda, ya tuɓe riga. Maiturare ya yi dariya har ya zauna a kan kunya. Da ya gama dariyar sai ya ruga gida ya ɗebo toka, ya zo ya goge masa baya da ita.

A ranar kuma, suna zaune a ƙofar gida Hamma yana ta murza hannuwa, shirwa ta kawo sura ta ɗauke wa Barira ɗan tsako ɗaya.

Maiturare ya nuna sama ya ce, "Ga 'yar'uwarka can. Tare kuka zo. Duk damina ba a ganinku, sai an gama wahala an girbe sannan ku bayyana, ku ci ku tashi."

Hamma ya ce, "To ai gara ni. Kai ka ga taka 'yar'uwar a bakin fadama. Tana nan inda aka haife ta, ba ta zuwa ko'ina, wanda duk ya matso kusa da ita sai ya yi nadama."

Daga ranar sunayen suka bi su. In an hango ƙurar shanu daga yamma, Maiturare zai leƙa cikin gida ya ce, "Barira, killace kajinki, Shirwa ya iso." Hamma kuwa tun daga nesa zai ɗaga sanda ya ce, "Karara, kana nan dai? Ba a sare ka ba?"

Gardamar ba ta taɓa ƙarewa ba, har furfura ta fito musu. Da yamma, bayan an tatsi shanu, Barira ta dama musu fura da nonon da aka kawo daga mashekari, inda shanun ke kwana, sai su zauna a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gona su ɗauko ta daga inda suka ajiye bara. Hamma ya ce shirwa ta fi, domin ta ga duniya. Ta san inda ruwa yake kwanciya da rani, ta san garin da ake yanka da yawa, kuma abin da zai cika mata ciki kawai take ɗauka. Maiturare ya ce ganin duniyar banza, tunda ba ta da inda za a ce nan ne gidanta. Karara kuwa ba ta taɓa zuwa gidan wani ta yi ɓarna ba, duk wanda ya yi susa shi ya kai kansa. Hamma ya ce shi ya sa ba ta da baƙo. Maiturare ya ce baƙon da zai ci maka kaji gara babu shi. Su yi ta yi har a kira magariba, su tashi su yi alwala da buta ɗaya.

A tsakanin gardamar Hamma yake ba shi labarin wuraren da ya taka: koguna masu faɗin da shanu ke iyo kafin su haye, duwatsu masu sanyi, kasuwannin da ba a jin Hausa sosai. Maiturare, wanda bai taɓa wuce Kano ba, yakan taɓe baki ya ce duk ƙarya ce. Amma in Hamma ya yi shiru sai ya ce, "To, sai kuma aka yi yaya?"

'Ya'yan Hamma biyu, Nasiru da ƙanwarsa Yelwa, a gidan Barira suke wuni duk tsawon kaka. A hannunta Yelwa ta koyi tuƙa tuwo.

Sai al'amura suka fara sauyawa. Burtalin da shanu ke bi daga Kurugu ya riƙa tsukewa, kowace damina wani ya ƙara kunya biyu a cikinsa. Manoma suka fara kwashe kara da harawa suna ɗorawa a kan itace don su sayar. Masu noman rani suka kewaye fadama da albasa da tumatir, shanu ba su da inda za su sha ruwa ba tare da an yi faɗa ba. Maiturare shi kaɗai ya ƙi kwashe nasa karan, amma gona ɗaya ba ta riƙe garke.

A kakar ƙarshe Hamma ya ce masa, "Bana in na tashi zan yi nisa. An ce can kudu akwai daji mai faɗi, 'yan'uwanmu sun koma can da iyalansu. Zan je in gani."

Maiturare ya ce, "Wa ya riƙe ka? Dama shirwa sallama take yi?"

"Zan zo da kaka, in Allah ya yarda."

"Kajina sun huta kafin nan."

Suka yi dariya. Maiturare ya raka su har bakin hanya kamar yadda ya saba, ya tsaya yana kallo har farin bayan saniyar ƙarshe ya ɓace.

Kaka ta zo, Hamma bai zo ba. Da farko ana samun Nasiru a waya, ya ce suna lafiya, hanya ce ta yi nisa, sai baɗi. Baɗin ta zo, wayar ta daina shiga. Maiturare ya tambayi Fulanin da ke kawo nono kasuwar Karaye, wannan ya ce ya ji an gan su wajen kaza, wancan ya ce a'a sun ƙara gaba. Babu mai tabbas.

Kowace shekara Maiturare yakan bar karansa a gona har ya bushe ya karairaye, gara ta ci. Wasu makiyaya sun zo sun nemi su sauka, ya ce wurin da mai shi. Da shirwa ta fara shawagi a saman gari bayan ɗaukewar ruwa, sai ka gan shi ya fito ya tsaya a gindin ɗorawa, hannuwa a baya, yana duban yamma. In aka tambaye shi ya ce iyakar gonarsa yake dubawa. Furar yamma ma ya daina sha, ya ce nonon yanzu duk ruwa ne. Bakinsa ya ƙara kaifi, har yaran unguwa suka daina bi ta ƙofar gidansa.

Wata rana ya yi wa Barira faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta ƙyale shi ya gama, tana tankaɗe, sannan ta ce, "Malam, shekara da shekaru ina jin ku kuna gardamar nan, akwai abin da ku duka biyu ba ku taɓa faɗa ba. Ka taɓa ganin karara ta tsaya da ƙafarta? Sai ta sami itacen da za ta naɗe. In aka sare itacen, a ƙasa take yashe."

Ya ce, "Ke kuma wa ya sa bakinki?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Amma ranar bai ci tuwon kirki ba.

Shekaru suka ɗan tura. Wata bazara Barira ta je suna Ruwan Bago, a ƙasar Rogo, wajen 'yar ƙanwarta. Tana zaune cikin mata sai ta ga wata matashiya da tsohon ciki tana ta satar kallonta. Da suka haɗa ido sai matar ta taso ta durƙusa a gabanta, ta ce, "Inna Barira," ta fashe da kuka. Yelwa ce.

Ta ja ta bayan rumbu ta ba ta labari. A dajin da suka koma, ɓarayi sun zo da bindigogi sun kore garken gaba ɗaya, ko ɗan maraƙi ba su bari ba. Mahaifiyarta ba ta daɗe ba bayan nan ta rasu. Nasiru ya tafi neman aiki birnin da ke bakin teku, yakan kira jefi-jefi. Ita ta auri wani manomi a nan Ruwan Bago, ta ɗauko mahaifinta ta kawo shi. Damina biyu ke nan yana nan.

Barira ta ce, "Damina biyu? Nan da Turawa? Yelwa, ko a ƙafa ai mutum ya je."

"Na yi na yi da shi, Inna. Ya ce da wane ido zai shiga gonar Baba Maiturare ba saniya ko ɗaya a bayansa. Ya hana ni aikawa. Don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Barira ta koma gida da maganar a cikinta. Ta kwana biyu tana juya ta, sannan ta faɗa wa mijinta bayan ya dawo daga sallar asuba. Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba, abin da bai saba ba. Can ya ce, "Wato yana nan kusa. Ina nan ina bar wa gara kara, shi yana Ruwan Bago yana shan inuwa." Ya tashi ya ɗauki fartanya ya tafi sharar gona. Ya yini bai dawo ba.

Kashegari Barira ta gan shi ya sa babbar rigar da yake zuwa Juma'a da ita. Ya ce ta zuba masa gero a buhu, ta ƙulla masa daddawa. Ta ce ina zuwa? Ya ce zai je ya gaya wa wani mutum abin da ke ransa. Ya hau bayan mai babur suka kama hanyar Rogo.

Gidan mijin Yelwa yana ƙarshen gari, daf da gonakin rake. A bayan katanga, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ya hango wani tsoho zaune a kan buzu yana tufka igiya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gemunsa ya yi fari fat. A gefensa igiyoyi ne tuli, irin waɗanda ake ɗaure maruƙa da su, an tufka an naɗe an jera. Maiturare ya zo da maganganu cike da baki, tun daga Turawa yake shirya su. Da ya ga igiyoyin sai ya fasa faɗinsu.

Ya yi sallama. Hamma ya ɗago, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallonsa. Hannunsa ya saki igiyar.

"Wa alaikumus salam. Karara?"

"Ni ne. Ba a sare ni ba."

Hamma ya yunƙura zai tashi, Maiturare ya danne kafaɗarsa ya zauna kusa da shi a kan buzun. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, iyali, gajiya, zafi, suka sake komawa farko. Maiturare ya yi masa ta'aziyyar matarsa, suka shafa fatiha. Yelwa ta kawo ruwa ta ajiye, ta gaida Maiturare ba ta yarda sun haɗa ido da mahaifinta ba, ta koma ciki.

Hamma ne ya fara magana, idonsa a ƙasa. "Ka ji dai."

"Na ji."

"Har Wule suka tafi da ita. Ka tuna ta? Mai farin goshin nan, jikar karsanar da ta kai ni cikin ƙaiƙayi. Ina ji tana kuka suna dukanta, tana juyowa." Ya goge fuska da tafin hannu. "Har yanzu da asuba nakan farka in ji kamar lokacin tatsa ya yi. Sai na fito tsakar gida sannan in tuna."

Maiturare ya ce, "Shi ne ka ƙi zuwa."

"In zo da me? Kullum da garke nake shigo maka."

"Da can shanun nake zama da su a gindin ɗorawa? Su nake wa gardama?"

Hamma ya yi murmushi kaɗan. Maiturare ya yi ta lallaɓa shi ta hanyar da ya iya, wato faɗa. Ya ce akwai ɗaki a gidansa, ya ce Barira ta ce kada ya dawo shi kaɗai. Hamma ya girgiza kai. Ya ce ya gode, amma ba zai iya tsayawa a gonar nan ya gan ta wayam ba. Da la'asar ta yi suka yi salla tare, Maiturare ya hau babur ya koma Turawa shi kaɗai.

Ranar kasuwa ya tafi Karaye da sassafe, sai ga shi da yamma ana biye da shi da bijimai biyu, ramammu, ɗaya fari ɗaya mai ɗigon baƙi a wuya. Barira ta riƙe haɓa. Mutumin da ko akuya bai taɓa kiwatawa ba. Ya ce kiwon turke zai yi, kowa ma yana yi. Ya kafa turaku a bayan gida, a tsakiyar rana, ya zuba musu dusa busasshiya a tsohuwar tasa.

Bayan mako ɗaya ya sa aka kira masa wayar mijin Yelwa, ya ce a ba shi tsohon. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Na sayi shanu biyu, ɗaya ya ƙi cin abinci, cikinsa ya kumbura, yana ta zubar da yawu. Makwabcina ya ce in ɗura masa kananzir."

Muryar Hamma ta fito da ƙarfi har Barira ta jiyo daga madafa. "Kada ka kuskura! Me kake ba su? A ina ka ɗaure su?"

"A rana, don su ji ɗumi."

"Inna lillahi. Kada ka taɓa su. Kada ka ba su komai sai ruwa."

Washegari kafin hantsi ya yi zafi sai ga Hamma ya sauka daga babur, da sandarsa da malafarsa da igiya biyu a kafaɗa. Ko zaure bai shiga ba, ya zarce bayan gida. Ya dafa farin bijimin, ya buɗe masa baki, ya latsa cikinsa, ya ɗaga kofatonsa ɗaya bayan ɗaya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Dabbar ta sunkuyar da kai ta jingina goshinta da ƙirjinsa. Ya daɗe a tsaye haka, hannunsa a kan tozonta.

Sannan ya juyo ya ce, "Kumburin ba mai yawa ba ne. Amma wanda ya sayar maka da waɗannan ya ga bagidaje. Kuma wannan igiyar ta ɗaure itace ce, ta cinye masa wuya."

Maiturare ya ce, "Ai shi ya sa na kira bagidajen da ya fi ni."

Hamma ya tumɓuke turakun ya mayar da su inuwar darbejiya. Ya sa aka jiƙa dusa, aka nemo kanwa. Barira ta share ɗakin zaure ta shimfiɗa tabarma, ba wanda ya ce mata ta yi, ba kuma wanda ya hana ta. Da yamma ta dama fura ta kai musu, Maiturare ya shanye tasa har ya nemi ƙari.

Hamma ya ce kwana biyu zai yi, ya yi kusan wata. Kullum da safe shi yake kwance bijiman ya kai su gefen fadama inda ciyawar farkon damina ta fara tsirowa. Yana gaba, sanda a gicciye a wuya, suna biye da shi, Maiturare a can baya yana haki yana mita. Wani lokaci Hamma yakan tsaya ya waiwaya, idonsa ya wuce bijiman biyu ya tafi can bayansu, kamar mai jiran sauran su ƙaraso. Sai ya gyara sandarsa ya ci gaba. Maiturare yana gani.

Ana nan aka aiko daga Ruwan Bago cewa Yelwa ta sauka, an sami namiji. Hamma ya haɗa 'yan kayansa. Ya tsaya a gaban turaku yana jera wa Maiturare ka'idoji: kada a ba su ɗanyar ciyawa da raɓa a jikinta, a duba kaska a bayan kunne, a sauya wurin kwanciya in ya jiƙe.

Maiturare ya ce, "Duk zan manta."

"Na sani. Bayan suna zan leƙo."

"Mu ma muna tafe sunan, ni da Barira. Ka ce su tanadi abinci, ba ɗan kaɗan nake ci ba."

Ya raka shi bakin hanya, suka tsaya har mai babur ya zo. Da Maiturare ya dawo gida sai ya tarar farin bijimin ya ja igiyarsa har ƙarshe, ya miƙe wuya wajen ƙofa yana ta kuka. Ya zuba masa dusa, bai kalle ta ba.

Maiturare ya ce, "Kai, rufe mana baki. Ya ce zai dawo."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da turken, yana sosa wa dabbar wuya yadda ya ga ana yi.